Ruwa Ya Yi Garau, Amma Ya Tsarkaka?

A ƙasashe masu tsananin sanyi, irin su Ingila, gidaje da yawa suna da tukunyar da ke dafa ruwa, ta tura shi cikin bututu ya zagaya ɗakuna don ɗumama su. Masu gidan kan zuba wani sinadari a cikin wannan ruwa domin hana tsatsa cin ƙarfe, kuma da ma'auni suke zubawa, suna dubawa lokaci-lokaci. Mu nan Zariya ba mu da bukatar irin wannan tukunya. To, amma muna da ruwan da ya fi nasu bukatar kulawa, wato wanda ke shiga cikinmu.

Duk wanda ya san Tudun Jukun ya san yadda gidaje suka matsu da juna. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, amma gida nawa ne ke da wannan fili? Idan damina ta kankama, ruwan rijiya ya gurɓace, sai uwargida ta jefa alif a randa. Jim kaɗan laka ta kwanta, ruwa ya yi garau, kowa ya ɗebi moda ya sha hankali kwance. A nan kuskuren yake.

Ƙananan ɓarɓashin laka suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, saboda haka suna ture juna, ba sa kwanciya. Alif yana warware wannan caji, sai su dunƙule, su yi nauyi, su nutse. A kan hanyarsu sukan ja wasu ƙwayoyin cuta zuwa ƙasa, amma alif ba ya kashe su. Ƙwayar kwalara da ta taifot ido ba ya ganinsu, suna iya zama cikin ruwan da ya fi madubi haske. A shekarar 1854 likita John Snow ya gano cewa kwalarar da ta addabi wata unguwa a Landan daga famfo guda ta fito, alhali mutane suna son ruwansa. A Nijeriya kuwa, a 2021 kaɗai, an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da cutar, fiye da 3,000 suka rasu.

Kisan ƙwayoyin cuta aikin sinadarin kulorin ne, ko kuma wuta. Sai dai kulorin na da ƙa'ida. Laka tana cinye ƙarfinsa, don haka a fara da alif, a tsiyaye ruwan sama a cikin mazubi mai tsabta, sannan a sa kulorin na ruwan sha daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba ko takardarsa. A rufe, a jira minti 30. Abin da ake so ya rage bayan haka shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita. Idan ya gaza, cuta ta tsira. Idan ya yi yawa, wari ya hana yara sha, su koma ga ruwan da ba a gyara ba. Wanda bai samu kulorin ba ya tafasa ruwan, ya bar shi yana tafarfasa na minti 1.

Na sha jin ana cewa kakanninmu sun sha ruwan rijiya sun tsufa. Gaskiya ne, amma a zamaninsu gari bai cika haka ba, kuma ba a lissafa jariran da gudawa ta ɗauke.

A ganina, gyaran wannan al'amari daga aji zai fara. Malami ya kawo kwalba biyu na ruwan kududdufi, ya sa alif a ɗaya, ɗalibai su ga yadda ta washe, sannan ya tambaye su wa zai yarda ya sha. Ɗalibin da ya gane amsar, shi zai kai ta gida wurin mahaifiyarsa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.