Kafinta ya ƙera mariƙi kafin ya tada inji

A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, wuraren aikin katako masu injin lantarki sun yawaita. A cikin injunan nan akwai wanda ake kafewa ƙarƙashin tebur, bakinsa ya leƙo sama ta wani rami. Da shi ake fiƙe gefen ƙofa, a yi ma gado ado, a haƙa layi cikin katako. Wannan baki yana iya juyawa sau 20.000 a minti guda, wato fiye da sau 300 a daƙiƙa ɗaya. Kafin mutum ya ji zafi, yatsa ya tafi.

Mu a ganinmu, bai kamata kowa ya tura ƙaramin katako cikin wannan inji da hannu tsirara ba. A ƙera mariƙi. Ba sai an sayo shi daga waje ba, guntayen katakon da ke zube a ƙasa sun isa.

A samo katako shimfiɗaɗɗe mai kaurin santimeta 2, a yanka shi santimeta 25 ta kowane gefe, kusurwoyinsa su miƙe daidai. A kafa masa hannu a bisa, irin na ƙofa, can nesa da gefen da zai bi kusa da bakin inji. A liƙa takardar goge katako a goshinsa, don abin da ake turawa kada ya zame. Gefen mariƙin yana bin katangar tebur, goshinsa yana tura aikin, hannu kuwa yana nan bisa, tazarar santimeta 15 ko fiye daga ƙarfen. Sai dai a kula ƙwarai: kada ƙusa ko ɗaya ta kasance a hanyar bakin inji, domin ƙarfe in ya gamu da ƙarfe, ɓarɓashi yana iya tashi ya shiga ido.

Na biyu ya yi kama da mashacin kai. A yanka bakin wani katako a karkace, a tsattsaga shi da zarto, tsaga kusa da tsaga, har ya yi haƙora masu lanƙwasa. In an ɗaure shi bisa tebur, haƙoran suna danne aikin jikin katanga, suna rage haɗarin ya dawo da baya ya bugi mai aiki. Kuma a riƙa tura katako daga dama zuwa hagu, yana fuskantar juyin ƙarfen. Wanda ya bi ta hagu, inji zai fizge katakon, ya ja hannu tare da shi.

Wasu masu gidan aiki suna cewa wannan ɓata lokaci ne, gwani ba ya bukatarsa. Ba mu yarda ba. Gwani ma yana gajiya, balle da rana tsaka cikin watan Afrilu, ga zufa a tafin hannu. Ban da haka, mariƙi yana gyara aiki: in an ba ka kwangilar kujerun makaranta 30, duka za su fito bai ɗaya, kuma bakin katako ba zai tsage a ƙarshen yanka ba.

Kafintocinmu da yawa manoma ne. Damana na faɗuwa su koma gona. Hannun da ya rasa babban yatsa ba ya riƙe hauya yadda ya kamata, ba ya ɗaure damen hatsi. Asarar ta zama biyu, ta shago da ta rumbu.

Abin ya fi damunmu game da yara ƴan koyo, don su ake bari da ƙananan guntaye, waɗanda suka fi kawo yatsa kusa da ƙarfe. Uban da zai kai ɗansa koyon aiki yana da ikon ya ce: "Maigida, nuna mini abin da yaron nan zai tura katako da shi." Ya kuma roƙa a koya ma yaron cire waya daga bango kafin ya canza bakin inji, da kashe inji duk sa'ad da wuta ta ɗauke, don kada ta dawo ta tarar da hannunsa a kan tebur.