Masu Biya Wa Yaranmu Su Ma a Biya Masu

Ya ku iyaye da ɗalibai, wa ke biya wa ƙananan yara karatu a Islamiyyunmu? Galibi mataimaki ne ko mataimakiya, wanda bai daɗe da yin sauka ba. Daga bakinsa yaro ke fara ɗaukar Fatiha. To in bai bambance sin da sadi ba, haka aji guda zai tashi da kuskuren, har a cikin salla. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na lura da yawansu kunya ke hana su tambayar babban malami. Amma a tsakaninsu baki na buɗewa. Don haka shawarata su kafa halƙar muraja'a tasu, ran Alhamis da babu karatu. Wannan mako wani ya jagoranta, mako mai zuwa wani. Su karanta wa juna hizifi guda, su bi babi ɗaya na Ahalari ko Ishmawi, su tattauna yadda ake tsawata wa yaro ba da bulala ba. Mas'alar da ta gagara a rubuta, a kawo wa malam.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, sai da ta karantar da jajis kafin ta tura su ga matan ƙauyuka.

Maigida, in 'yarka ko matarka ta nemi izinin zuwa wannan zama, don Allah ka bar ta. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.