Masu Faɗaɗa Tayar Baya, Ku Dakata

Akwai wata aƙida da ta yi kaka-gida a zukatan masu sha'awar motocin gudu: wai mota ba ta amsa sunanta sai an ga tayoyinta na baya sun fi na gaba faɗi. Mutum zai sayi mota, tun bai san halinta a kwana ba ya nufi wurin masu sayar da rim, a cusa mata faffaɗan tayoyi a baya, ya ja gefe yana kallo yana murmushi. A ganina wannan kwaikwayo ne maras tushe, kuma sau da yawa yakan lalata ainihin abin da aka zuba kuɗi aka saya.

An aro siffar ne daga motoci irin su Porsche 911, aka baro dalilin a can. Injin 911 a can ƙarshen baya yake zaune, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta yana kan tayoyin baya, kuma su ne ke tura Carrera S. Shi ya sa zubin 992 na wannan mota ya fito da 245/35 a kan rim mai inci 20 a gaba, da 305/30 a kan inci 21 a baya. Inda nauyi da ƙarfin inji suka taru, nan maƙera ke ƙara roba.

Wanda ke zaton doka ce faɗi ya tafi baya, ya dubi Audi RS3. Injinta mai silinda biyar a gaba yake, nauyinta ya rinjaya wajen hanci, sai kamfanin ya juya lissafin: 265/30 a gaba, 245/35 a baya. Tun a 2005 ma Pontiac ta Amurka ta yi haka da Grand Prix GXP, wadda injin V8 ke jan tayoyinta na gaba: 255 a gaba, 225 a baya. Ita kuwa Mazda MX-5, da ba ta da nauyi kuma nauyin ya rabu kusan daidai, girma ɗaya take ɗauka a ƙafafunta huɗu.

To me ke faruwa idan aka ƙara faɗin baya a motar da ba ta nema ba? A kwana, ɓangaren da ya fara rasa riƙon kwalta shi ke yanke hukunci. Idan baya ya ƙara riƙo gaba bai ƙara ba, gaban ne zai riga sakewa: direba na murɗa sitiyari, hancin mota na miƙewa waje. A motar da tayoyin gaba ke ja abin ya fi muni, domin su ke ja, su ke juyawa, su ke ɗaukar mafi yawan aikin burki, ga shi an kai gudummawar inda ba a buƙata.

Za a ce ai maƙeran ma ba ma'asumai ba ne. Gaskiya ne. Sukan tsara mota ta fara sakewa ta gaba da gangan, don direba ya fi iya shawo kan wannan a kan bayan da ya watso. Saboda haka masu kai BMW M3 zubin E46 filin tsere da yawa sukan sa girma ɗaya gaba da baya. Amma lura: gaba suke faɗaɗawa, don magance wani aibu da suka ji da hannunsu a sitiyari. Ina haɗinsu da mai neman a kalle shi a bakin titi?

Wannan M3 ɗin tana da wani darasi da aka fi sakaci da shi. Ta fito da 225/45 a gaba da 255/40 a baya, duka a kan inci 18. Lamba ta farko faɗi ce a milimita, ta biyu kuwa tsayin gefen taya ne a matsayin kaso na faɗin. Buga lissafin: gefen ta gaba kusan milimita 101, na ta baya 102. Faɗi ya bambanta da milimita 30, amma tsayin tayoyin bai bambanta da ko milimita 2 ba. Na'urorin da ke hana burki kullewa da hana santsi suna kwatanta saurin juyawar kowace taya, don haka wanda ya canja tsayi a ɓangare ɗaya ya rikita musu lissafi. A motar da ƙafafu huɗu ke ja kuwa, giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ce za ta riƙa shan wahala kullum har ta gaji.

Sauran asarar a aljihu take. Ba dama a musanya tayoyin gaba da na baya don su ci daidai. Faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwa da damina, ta fi bin kwarin da manyan motoci suka tona a kwalta. Idan kuma aka ƙara girman rim aka rage gefe, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ɗin, abin da mai faci ba shi da maganinsa.

Girman da aka gwada motar da shi yana nan a rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Duk mai son kauce masa, ya fara faɗa mana wane aibu ya ji a motar, a wace irin kwana, da kuma tayar da ta fara sakewa.