Mastik ba ya miƙe ƙarfe: maganar tolye da masu fenti a Dakoro

Yau ba a rediyo zan yi maganar ba, a nan zan rubuta ta, don mintin da ake ba ni ba zai ishe ta ba.

Kwanan baya na raka wani abokina duba wata Hilux da yake son saye. Fara tas, tana ƙyalli kamar jiya ta sauka daga jirgi. Wani dattijon tolye da muka tafi da shi bai ko kalli fentin ba. Ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu, ya riƙa mannawa jikin motar. A ƙofa ya kama, a gefen baya ya kama, da ya zo kafaɗar gaba ta hagu sai ya faɗo ƙasa. Ya ce, "Ɗana, nan babu ƙarfe kusa, mastik ne kamar tuwo." Ya leƙa ƙasa, ya nuna mana inda aka gasa shasi da wuta aka ja shi. Motar ta taɓa kifewa, an rufe, an shafe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da ba mu saya ba wani zai saya, kuma ranar kasuwa za a loda mata mutane da buhuna da awaki.

Ban zo zagin masu garaji ba, Allah ya sani. Mutanen nan da guduma da shalimo suke tayar da motar da a Faransa an daɗe da jefar da ita. Tun bayan 26 ga Yuli 2023, da iyakar Benin ta rufe, motoci da kayan gyaran da muka saba samu ta Kwatano suka yi tsada, sai an zagayo ta Lome. Wanda da can zai canza ƙofa ko kafaɗa, yanzu cewa yake a buge mishi ita. Ke nan aikin tolye ya ƙaru, nauyin da ke wuyansa ma ya ƙaru.

To ina yake koyon aikin? A gindin bishiya, wajen maigida. Yaro ya shekara yana miƙa guduma da goge mota da takardar yashi, yana kallo, har hannunsa ya faɗa. Wannan koyo yana ba da hannu, kuma babu lakwal ɗin da za ta ba da shi. Amma akwai abin da ido ba ya gani. Ƙarfen motocin yanzu ba irin na Peugeot 504 ba ne, sirara ne mai ƙarfi, kuma idan aka gasa shi ya yi ja don a miƙe shi, ƙarfin nan ya tafi ko da ya koma daidai a ido. Karo na biyu, nan zai fara naɗewa. Shasin da ya karkace kuma aunawa ake yi kusurwa zuwa kusurwa, in ba haka ba mota ta riƙa cin taya gefe guda tana jan direba. Mastik kuwa an yi shi ne don cike ƴan ramukan da suka rage bayan an buga ƙarfe, milimita 2 ko 3, ba don a gina kafaɗa da shi ba.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, lafiyar yaran. Ku je ku ga mai fesa fenti: ƙyalle a hanci, ko rawani, shi ke nan. Fentin da ake haɗawa da maganin ƙarfafawa yana da sinadarin da ke jawo asma, kuma ƙyalle ba ya tare shi. In an gama sai a ce ya sha madara ta wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, fenti kuwa huhu ya shiga. Ni ma na daɗe ina tsammanin maganar madarar gaskiya ce.

Ra'ayina a nan shi ne a shigar da wannan sana'a cikin koyarwa ta hukuma, a nan kusa da mu. Muna da cibiyoyin CFM a kananan hukumomi, muna da CET, akwai lise teknik Dan Kassawa a Maradi. Ɗinki, kafinta da walda su muka fi jin ana koya a CFM, kuma suna da amfani. Amma yaron Dakoro da iyayensa ba su da halin ciyar da shi a Maradi, fiye da kilomita 100 daga gida, garajin unguwa ne makarantarsa. Asusun FAFPA dama don irin wannan aka kafa shi, yana da tsarin da yaro ke raba lokacinsa tsakanin wajen maigida da cibiya. Me zai hana tolye da masu fenti su haɗa kansu su nema? Kwana 4 a garaji, kwana 1 ko 2 a aji, a koya musu awo, nau'in ƙarfe, haɗa launi, da yadda ake sa abin rufe hanci mai matata. A ƙarshe a ba su takardar shaida.

Na san abin da wasu masu garaji za su ce, don an faɗa mini: yaro in ya samu takarda zai raina maigida, ko ya gudu Maradi ko Agadez. Zai iya faruwa. Amma yanzu ma suna gudu, ba takarda. Shi ya sa nake ganin a fara da su kansu iyayen gidan, a ba su horo na ƴan makonni, a ba su shaida, su zama su ne malaman aikin hannu. Dattijon nan mai maganaɗisu, wane malamin aji ne zai fi shi?

Mu ma masu mota da laifinmu. Mu ne ke cewa, "Maigida, a rufe kawai, gobe kasuwa," mu ƙi biyan aikin kwana 5 mu biya na kwana 1. Tolye ba zai miƙe shasi da kyau a kuɗin mastik ba.

Ina neman tolye biyu da mai fenti ɗaya da za su yarda su zo shirinmu mu zauna, har da wanda bai yarda da ni ba. Abokin nawa dai har yanzu bai samu mota ba, da kabu-kabu yake zuwa aiki.