Sankarar maɗaciya: abin da hoton ciki ke nunawa tun kafin a kai Shika

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana cikin asibitoci shida da gwamnatin tarayya ta ware domin kafa cibiyoyin kula da cutar daji na zamani, kuma a watan Yulin 2025 aka buɗe na Katsina da Enugu da Benin. Abin farin ciki ne. Sai dai akwai sankarar da injin gashi ba ya warkar da ita, wato sankarar maɗaciya, jakar nan da ke maƙale a ƙarƙashin hanta. Tiyata ce kaɗai ke iya raba mutum da ita, kuma sai in an gano ta da wuri. Wannan ganowar kuwa yawanci a ƙaramin ɗakin hoton ciki take farawa, a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko a shagunan hoto na Tudun Wada.

Likitocin hoto sun kasa cutar gida uku gwargwadon yadda take bayyana. Wadda aka fi gani, kusan rabin masu cutar, ƙullutu ne da ya cinye jakar baki ɗaya har ba a iya bambance ta da hanta. Wannan ba ta da wuyar ganewa, amma galibi ta riga ta yi nisa. Akwai kuma tsiro da ke fitowa daga bango ya leƙo cikin jakar. Ita ce ta fi dama-dama, don sau da yawa ana kama ta kafin ta bazu. Yawancin tsiron maɗaciya ba daji ba ne, amma in ya kai santimita 1 ana ba da shawarar a cire jakar.

Ta ukun ce ke ba mu wahala: bangon jakar ne kawai yake kauri. Bangon lafiyayye ba ya wuce milimita 3. To amma kumburin maɗaciya saboda tsakuwa yana sa shi kauri, ciwon hanta ma haka, ciwon zuciya haka, kai ko wanda ya sha koko da ƙosai kafin hoto ana iya ganin bangonsa ya yi kauri (shi ya sa muke cewa a zo ba a ci komai ba na awa 6 zuwa 8). Abin da ke ɗaga hankali shi ne kaurin da ya tsaya a gefe guda, ko mai gargada, ko wanda ya shafe iyakar jakar da hanta. Mai irin wannan sakamako yana buƙatar hoton CT ko MRI. Ba a sallamarsa da maganin olsa.

Olsar nan ita ke cinye mana lokaci. Dattijuwa za ta yi wata da watanni tana fama da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ana sayo mata magani a kemis. Idan ido ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, a koma jiƙe-jiƙe. A wannan cutar, shawara kan nuna cewa dajin ya toshe hanyar ruwan maɗaciya. Ba cuta ce mai yawa a ƙasarmu ba kamar a Chile ko arewacin Indiya, kuma mafi yawan masu tsakuwa ba za su taɓa yin ta ba. Amma mata sun fi maza kamuwa, musamman bayan shekara 60, akasarin masu ita suna da tsakuwa, sannan ƙwayar taifot kan ɓoye a maɗaciya shekara da shekaru ta ƙara haɗarin. Garin da ya daɗe yana dogaro da ruwan rijiya da na 'yan garuwa bai kamata ya raina wannan ba.

Ga batun kuɗi. Asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu cutar daji, wanda Shika ke cikinsa, ya fara ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Mai maɗaciya dangi ne ke haɗa masa kuɗin CT. A ganina, horar da masu ɗaukar hoton ciki su riƙa auna bango da tsiro su rubuta adadin zai fi ceto masu wannan cuta fiye da sabon gini.

Idan aka miƙo muku takardar hoto, ku duba ko an rubuta kaurin bango da girman tsiro. In babu, ku tambaya, kuma ku kai wa likitan tiyata takardar haɗe da hoton.