Kafin A Ce Magani Ya Yi, A Ƙirga Ƙwayar Cutar

Da zarar damina ta kankama a Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, sai zazzaɓin cizon sauro ya sa gidaje gaba, masu tallar jiƙo da saiwa kuma su cika kasuwanni. Kowa hujjarsa ɗaya: wane ya sha, jikinsa ya yi sanyi. A ra'ayina wannan ba hujja ba ce, domin zazzaɓin yakan sauka da kansa ya sake tasowa, alhali ƙwayar cutar tana nan tana hayayyafa cikin jajayen ƙwayoyin jini. Mai son sanin gaskiyar magani, to ƙwayar cutar zai ƙirga.

Ga yadda muke yi a ɗakin gwaje-gwaje. Akwai wata 'yar'uwar ƙwayar maleriya mai suna Plasmodium berghei, wadda aka gano a jikin ɓerayen daji a Kwango a 1948, ba ta kuma kama mutum. Sai a yi wa fararen ɓeraye allurar jinin da ke ɗauke da ita, a raba su rukuni-rukuni. Wasu a ba su maganin da ake gwadawa har kwana huɗu, wasu a ba su maganin da aka riga aka tabbatar, wasu kuma ruwa kawai. A rana ta biyar a ɗigo jini daga bindin kowane ɓera, a shimfiɗa shi siriri a kan gilashi, a rina shi da rinin Giemsa, sannan a duba da madubin likita mai girmama abu sau 1,000.

Sauran aikin lissafi ne da ɗan aji uku zai iya. A misali, idan cikin jajayen ƙwayoyi 1,000 an sami 200 da suka kamu, an sami kashi 20 cikin ɗari ke nan. In ɓerayen da suka sha magani sun nuna kashi 5 kacal, maganin ya danne kashi 75 cikin ɗari na cutar. Rukunin da ya sha ruwa, wanda ɗalibaina kan ɗauka ɓarnar ɓeraye ce, shi ne ma'aunin aikin baki ɗaya.

Wani zai ce ai ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne. Shi ya sa tun 1976, lokacin da Trager da Jensen suka iya rainon Plasmodium falciparum, mai kashe yaranmu, cikin jinin mutum a faranti, ake sake gwajin a can ma. Bayan haka sai binciken guba, sannan gwaji a kan mutane.

Kada a zaci raina maganin gargajiya nake yi. A 1971, Tu Youyou ta ƙasar Sin ta gwada ruwan wani tsiro dangin tazargade a kan ɓeraye masu maleriya, ya share ƙwayar cutar sarai. Daga nan aka samo atimisinin, ginshiƙin maganin da asibitocinmu ke bayarwa a yau, ita kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Darbejiya da sabara da marke sun cancanci irin wannan awo.

Roƙona ga malaman sakandare shi ne, in akwai madubi a makaranta, a fito da shi daga kabad. A nemi gilashin jini rinanne daga masu gwaji a asibiti, kowane ɗalibi ya ƙirga da idonsa, sannan a kwatanta adadin da suka samu a kan allo.