RA'AYI: Tambayar da kwamfutar ofis ke yi wa makaho ba tare da ta buɗe baki ba

Duk ma'aikacin da ke aiki da Windows ya san wannan lokaci: allo ya ɗan dusashe, wani ƙaramin akwati ya bayyana a tsakiya, yana tambaya ko an yarda wata manhaja ta yi sauye-sauye a kwamfutar. Mai ido zai duba sunan manhajar da na kamfanin da ya yi ta, ya danna "Yes" ko "No", ya ci gaba da aikinsa cikin daƙiƙa biyu. Makahon ma'aikaci kuwa, idan ba a shirya masa na'urarsa yadda ya kamata ba, abin da zai ji shi ne ɗan ƙararrawa, sai tsit. Muryar da ta wuni tana karanta masa wasiƙu da takardun aiki ta ɗauke, a daidai lokacin da ake neman ya yanke shawara mafi nauyi a kan na'urar.

Kamfanin Microsoft ya shigo da wannan tambaya, wadda ake kira UAC, tun daga Windows Vista. Ba a kan allon yau da kullum take fitowa ba. Windows na ɗauke mai amfani da ita zuwa wani keɓantaccen allo da manhajojin da ke gudana ba sa iya taɓawa, don kada wata muguwar manhaja ta danna "Yes" da kanta, ko ta lulluɓe tambayar da ta bogi. Hikimar a fili take. Sai dai manhajar karanta allo, wadda ita ce idon makaho, aikinta ke nan ta leƙa duk abin da ke kan allo, ta kuma bi duk maɓallin da aka danna. A idon tsarin tsaro, halayenta sun yi kama da na ɓarawo, don haka idan ba a gabatar da ita ta ƙofar da aka tanada ba, a waje za a bar ta.

Ƙofar kuwa tana nan, ba a kulle take ba. NVDA, manhajar kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka raina tun daga 2006, tana karanta wannan tambaya idan an girka ta sosai a cikin kwamfutar. Kwafinta da ake ɗauka a filasha a yi ta yawo da shi ba ya iya karanta ta, ba ya kuma iya aiki da manhajojin da aka buɗe da izinin mai kula da na'ura. JAWS, wadda ake saye da kuɗi, ita ma sai an girka ta. Narrator da ke zuwa tare da Windows ana tada ta da maɓallan Ctrl da Windows da Enter. Girkawar kuma, da saita muryar ta riƙa magana tun daga allon shiga, duka suna buƙatar izinin mai kula da na'ura, wanda a ofisoshin gwamnati yana hannun sashen fasahar sadarwa. Wato maganin shirun yana bayan wannan tambayar da makahon ba ya ji.

Idan aka bar shi a haka, hanyoyi uku suka rage masa, kuma babu ta kirki a ciki. Ko dai ya haddace cewa Alt da Y na nufin amincewa, ya riƙa dannawa duk sanda ya ji shiru, ba tare da ya san ko sabunta manhajar ofis ce ke neman izini ko wani fayil ne da ya shigo ta imel. Ko ya kira abokin aiki ya karanta masa, wani lokaci har ya faɗa masa kalmar sirrinsa ya rubuta, alhali ita ce ake gargaɗin kowane ma'aikaci kada ya bai wa kowa. Ko kuma ya naɗe hannu ya jira jami'in fasaha, fayil na kwance, maigidansa na ƙirga masa jinkirin a matsayin gazawa. Ta kowace hanya, tsaron da aka kafa tambayar dominsa ya rushe.

Jami'an fasaha suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Manhajar da ke magana a allon shiga tana gudana da babban iko, kuma ƙarin da aka ɗora mata daga wani wuri na iya zama kafar kutse. A wayoyin Android ma, masu satar kuɗin banki sun sha fakewa da izinin da aka tanada don masu buƙata ta musamman. Amma amsar wannan damuwa ita ce sashen fasaha ya ɗauko manhajar daga tushenta, ya girka ta da hannunsa, ya tantance abin da aka ƙara mata, ya riƙa sabunta ta kamar sauran. Hana ta gaba ɗaya tura ma'aikaci ne ga filashar da babu wanda ya duba. Haka nan kashe keɓantaccen allon domin a sauƙaƙa wa makaho ba gata ba ne, domin an bar na'urarsa ta fi ta kowa rauni ke nan.

Maganar ta wuce alfarma. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, wadda sashenta na 9 ya ambaci fasahar sadarwa ƙarara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine, wa'adin da ya cika a farkon 2024. An fi tuna wannan doka idan ana zancen matakala da gangaren keken guragu. Yanzu da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ke tura ma'aikatu su bar takarda su koma na'ura, ƙofar ofis ta gaskiya ita ce allon shiga kwamfuta. A ɗauki makaho aiki a ba shi na'urar da ke yin shiru a bakin wannan ƙofa, an cika adadi ne kawai.

Gyaran ba ya jiran sabon kasafin kuɗi. Kowace ma'aikata ta sa manhajar karanta allo cikin jerin manhajojin da ta amince da su, a girka ta tun ranar da aka miƙa na'ura. A gwada tare da ma'aikacin da kansa, kunnensa a kai: allon shiga, tambayar izini, sauya kalmar sirri, da lambar tantancewa da ake turowa ta waya mai ƙarewa cikin ƙanƙanin lokaci. Inda ake amfani da BitLocker mai neman lambar sirri kafin Windows ta tashi, a sani cewa babu muryar da ke magana a wannan mataki, a zauna da shi a tsara mafita. Hukumar NITDA da Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa za su iya haɗa wannan a taƙaitacciyar ƙa'ida guda, Hukumar Kula da Sayen Kayan Gwamnati kuma ta sa shi cikin sharuɗɗan kwangilar kowace manhajar tsaro.

Daraktoci da mataimakan manyan jami'ai da ke sa hannu a takardun sayen na'urori suna da tambaya ɗaya da za su yi kafin su amince: an zaunar da makaho ya gwada? Idan amsar a'a ce, takardar ta koma inda ta fito.